A Sake Duba Cire 'Ya'yanmu Daga Inshorar Lafiya Da Sun Cika Shekara 18

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida taka mai albarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kuma na tabbata ya shafi gidaje da dama a nan Katsina, wato halin da matasanmu ke faɗawa idan aka cire sunayensu daga inshorar lafiyar iyayensu, a daidai shekarun da suke barin gida domin karatu, ko koyon sana'a, ko neman abinci, ko kuma aure.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, na kwashe fiye da shekara ashirin ina aiki, kuma ina cikin waɗanda suka yi rajista da tsarin inshorar lafiya na ƙasa tun farkon lokacin da aka buɗe wa ma'aikata ƙofarsa. Allah ya ba ni ɗa da aka haifa da ciwon sikila, wanda wasu ke kira amosanin jini. Duk mai irin wannan ɗa ya san yadda rayuwar gida ke komawa: ana kaffa-kaffa da shi lokacin hunturu, ana bin sa da ruwan sha lokacin bazara, ana tsoron cizon sauro da damina, kuma babu watan da zai wuce ba a sayi magani ba. Katin inshora ya rufa mini asiri shekara da shekaru. Idan ciwon ya tashi da dare, mukan ɗauke shi mu tafi asibitin da muka zaɓa, a ba shi gado, a sa masa ƙarin ruwa, a yi masa allurar rage raɗaɗi, abin da zan biya kawai shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Ban taɓa raina wannan ni'ima ba, kuma ba domin in kushe tsarin na ɗauki alƙalami ba.

Wata rana cikin sanyin hunturu, 'yan makonni bayan ya cika shekara 18, ciwon ya tashi masa da ƙarfi a ƙirji da ƙafafu. Muka isa asibiti da asuba, na miƙa kati kamar yadda na saba. Ma'aikacin da ke kan tebur ya duba takardunsa, ya sake dubawa, sannan ya ɗago kai cikin ladabi ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, sunan yaron nan ba ya cikin jerin da aka turo mana." Ban ga laifinsa ba a lokacin, kuma har yau ban gani ba, domin ƙa'ida ya bi. Amma ɗana yana kwance a kan benci yana murƙususu, mahaifiyarsa tana riƙe da hannunsa tana hawaye, ni kuwa ina tsaye ina lissafin abin da ke cikin aljihuna. Kwana shida muka yi a kwance, aka yi masa ƙarin jini, kuma abin da na kashe ya haura rabin albashina na wata. Sai da na ci bashi wurin wani abokin aikina, matata kuma ta sayar da ragon da take kiwo domin layya. Da na je neman bayani daga baya, aka nuna mini cewa abin a rubuce yake tun ranar da na cike fom: ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Aka ce in kawo sunan ƙaninsa ya maye gurbin.

Gaskiya ne a rubuce yake, kuma na sa hannu. Sai dai lokacin da na sa hannun ɗana yana goye a bayan uwarsa, shekara 18 kuwa tana da nisa a idona kamar ba za ta zo ba. Babu wanda ya aiko mini da saƙon waya ko takarda ya ce lokaci ya matso. Hukumar da ta san ranar haihuwar yaro har ta iya cire sunansa idan ranar ta zo, ai ba za ta kasa sanar da ubansa wata shida kafin nan ba.

Domin masu karatu da ba su bi tarihin abin ba, an kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka fi sani da NHIS, da dokar 1999, amma bai fara aiki ba sai a 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara. A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan jiha tamu, ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta soke tsohuwar, ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin Nijeriya. A nan jiharmu ma, tun zamanin Gwamna Aminu Bello Masari aka kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato KTSCHMA. Ke nan dokoki da hukumomi ba su ne muka rasa ba. Tambayar da nake so a amsa mini ita ce: idan doka ta ce dole kowa ya kasance cikin tsarin, me ya sa tsarin da kansa yake sakin hannun yaro a ranar da ya cika shekara 18, ba tare da ya danƙa shi a hannun wani ba?

Shekara 18 ita ce shekarar da ɗan ƙasa ke samun damar jefa ƙuri'a, kuma ina zaton daga nan aka ɗauko ta. Amma mu dubi ɗan shekara 18 na gaske a Katsina. Yawanci ya gama sakandare ke nan, ko ma yana ajin ƙarshe, domin da yawa daga yaranmu, musamman na karkara da waɗanda suka fara da makarantar allo, ba su shiga firamare da wuri. Ya rubuta jarrabawar JAMB yana jiran sakamako, wani sai ya rubuta sau biyu ko uku kafin ya samu gurbi. A gidan ubansa yake cin tuwo, ubansa ke saya masa sabulu, kuma idan ya kwanta ciwo aljihun uban za a taɓa. Wane ne a cikinmu ya taɓa ganin uban da ya ce wa ɗansa ranar da ya cika shekara 18, daga yau lafiyarka ta koma wuyanka? Nauyin yana nan a kan uba kamar yadda yake jiya, abin da ya sauya kawai shi ne an janye taimakon da ake yi masa wajen ɗaukarsa.

Za a ce mini ai akwai tsarin ɗaliban manyan makarantu, wanda ake kira TISHIP, inda ɗalibi ke biyan wani ɗan kuɗi tare da kuɗin rajista a kowace shekarar karatu, a duba shi a asibitin makaranta. Haka ne, kuma abu ne mai kyau. Jiharmu tana da manyan makarantu da yawa: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Qalam, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da ta Isa Kaita, da waɗanda ke Daura. Dubban yara ke cikinsu. To amma wannan tsari ga wanda ya riga ya samu gurbi ne, wanda yake gida yana jira ba ya ciki. Shi ma wanda ya samu, lafiyarsa a ɗaure take da ɗakin shan magani na makarantar. Idan aka yi hutu ya koma Funtuwa ko Jibiya ko Ɓaure, ciwo ya kama shi a can, ina zai kai katinsa? Ba mu manta ba cewa a 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma a duk tsawon wannan lokaci ɗalibai suna gidajen iyayensu. Ban ji an tsaya an yi maganar waɗanda a cikinsu suke da asma ko farfaɗiya ko ciwon suga ba, alhali ciwonsu yana nan tare da su a duk waɗannan watanni.

Daga nan sai ɗalibi ya kammala, sunansa ya fita daga tsarin makaranta, ya zauna jiran a kira shi hidimar ƙasa, jiran da kan ɗauki watanni, wani lokaci ma ya haura shekara. A 'yan shekarun nan gwamnatin tarayya ta shigar da masu yi wa ƙasa hidima cikin inshora, kuma na yaba da wannan, domin mun sha jin labarin yaran da suka rasu a wuraren da aka tura su saboda rashin kulawa. Amma hidimar shekara ɗaya ce. Da an miƙa masa takardar sallama, inshorar ma ta kama hanyar ƙarewa, sai ya dawo gida da kwalin digiri, babu aiki, babu kati. Idan mutum ya bi sawun yaro ɗaya daga shekara 18 zuwa 27, zai ga sau uku ana fitar da shi, sau biyu ana shigar da shi, kuma tsakanin kowace fita da shiga akwai watanni ko shekaru da babu kowa a kansa sai Allah sai iyayensa. Wannan kuwa labarin wanda ya yi sa'a ne, ɗan ma'aikaci da ya samu karatu mai zurfi.

Mafi yawan matasanmu ba ta wannan hanya suke barin gida ba, kuma a kansu nake so a fi tsayawa. Da an cire amfanin gona, motoci ke cika daga tashoshinmu da samari masu tafiya ci-rani zuwa Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal. Wani zai yi acaɓa, wani tuƙin adaidaita sahu, wani dako a kasuwa, wani leburanci a wurin gini, wani ga-ruwa, wani gadi, wani kuma ya zauna gaban maigida yana koyon walda ko kanikanci ko gyaran waya. Rashin tsaro da ya addabi wasu ƙananan hukumominmu ya ƙara yawan masu tafiyar, har da waɗanda da ba su da niyyar barin gona. Waɗannan sana'o'i su ne suka fi haɗari ga jiki. Ɗan acaɓa yana wuni a kan titi tsakanin manyan motoci, lebura yana hawa bene ba tare da abin kariya ba, mai walda yana fama da tartsatsin wuta a ido. Idan tsautsayi ya faɗa, abin da muka saba gani shi ne a kira waya gida, a yi karo-karo tsakanin 'yan gari, a ɗauko yaro a kwance a bayan mota tafiyar yini da kwana, a kai shi wurin mai ɗori saboda kuɗin tiyata ya gagara. Wasu ɗorin yakan yi kyau. Wasu kuwa ƙafar takan ruɓe, sai an dawo asibiti a makare a yanke ta. Saurayi ɗan shekara 22 da ya tafi nemo kuɗin aure ya dawo da sanda, kuma gonar gado ta tafi wajen jinyarsa.

An san cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, a lokacin da ciwo ya riga ya kama. Wanda ya fi kowa rashin abin da zai fitar a irin wannan lokaci shi ne matashin da bai tara komai ba tukuna. Shi ya sa za ka ga saurayi yana fama da zazzaɓi kwana biyar, yana zuwa kemis yana cewa a haɗa masa na ɗari biyar, har taifot ta huda masa hanji. Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, farashin magunguna ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, kuma masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Na san yaran da suke tsallake kwana a shan magani domin kwalbar ta kai su ƙarshen wata.

Sai kuma 'ya'yanmu mata, waɗanda galibinsu ta ƙofar aure suke barin gida. Yarinya tana cikin katin mahaifinta, ta cika shekara 18 aka cire ta, ko kuma aka ɗaura mata aure da saurayi ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu wanda bai taɓa jin sunan inshora ba. Kafin shekara ta zagayo ta samu ciki. Duk wata ungozoma da duk wata ma'aikaciyar jinya za ta gaya maka cewa cikin fari a ƙuruciya yana buƙatar sa ido sosai, saboda jijjiga da doguwar naƙuda da zubar jini. Mu Katsinawa ba sai an ba mu labari ba, domin cibiyar ƙasa ta kula da masu yoyon fitsari tana nan Babbar Ruga, a bakin garinmu, kuma mafi yawan matan da ake kaiwa can doguwar naƙuda a gida ce ta jawo musu. Abin da ke hana zuwa awo da haihuwa a asibiti yana da yawa, akwai nisa, akwai al'ada, akwai kunya, amma duk wanda ya taɓa zama da sabon ango da aka ce ya kawo kuɗin tiyata cikin dare ya san cewa kuɗi yana sahun gaba. Muna kwashe shekaru muna tara kayan ɗaki, gado da kujeru da jeren kwanuka, wasu har da cin bashi, amma ban taɓa halartar zaman da aka tambayi ango ko ya yi wa amaryarsa tanadin asibiti ba. Ni kaina ban yi wannan tambaya ba lokacin da na aurar da babbar 'yata, kuma na yi nadama.

Wasu ƙasashe sun gamu da wannan matsala, suka gyara dokarsu. A Amurka, dokar lafiya da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a 2010 ta ba matashi damar ci gaba da zama a cikin inshorar iyayensa har ya cika shekara 26, ko da kuwa ya yi aure, ko ya bar gida, ko ba ya makaranta. A Jamus, yaro yana cikin inshorar iyali har shekara 18, idan ba shi da aiki a ƙara masa zuwa 23, idan yana karatu ko koyon sana'a zuwa 25. Na san arzikinsu da namu ba ɗaya ba ne, kuma tsarinsu ya sha bamban da namu. Abin da na ɗauka daga gare su kawai shi ne, su da matasansu ke samun aikin albashi da wuri sun yarda cewa shekara 18 ta yi kaɗan, balle mu da yaro kan kai shekara 30 yana neman aikin farko.

Na san amsar da masu lissafin hukuma za su bayar, cewa asusun ba zai iya ɗaukar ƙarin mutane ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi watsi da ita ba, domin asusun da ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa yakan kasa biyan asibitoci, asibitoci kuma su fara ce wa mutane babu magani. Amma a duba ta ɗaya gefen. Inshora tana tsayuwa ne a kan masu lafiya da yawa su riƙe marasa lafiya kaɗan, kuma babu rukunin da ya kai matasa lafiya. A cikin samari ɗari, kaɗan ne za su kwanta asibiti a shekara. Idan aka ce uba ya ƙara wani ɗan abu daga albashinsa domin ɗansa ya ci gaba da zama a cikin tsarin, kuɗin da zai shiga asusu daga irin waɗannan yara zai taimaka wajen riƙe tsofaffi da jarirai. A yanzu ma akwai damar yi wa ƙarin mutum rajista da ƙarin biya, akwai kuma tsarin GIFSHIP da aka buɗe wa ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, amma sai wanda ya je ofis ya tambaya yake sani, kuma sabuwar rajista tana da lokacin jira kafin kati ya fara aiki. Ni a gadon asibiti na samu labarinsu, bayan aikin gama ya gama.

Saboda haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina, da Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa, da wakilanmu a Majalisar Tarayya, su duba yiwuwar ɗaga wannan iyaka zuwa shekara 25 ga duk yaron da ke karatu ko koyon sana'a ko bai samu aiki ba, a tsarin tarayya da na jiha baki ɗaya, ko da kuwa da ƙarin wani abu daidai ƙarfin ma'aikaci ne. Masu ciwon da aka haife su da shi ko wanda ba ya warkewa, irin su sikila da farfaɗiya da ciwon suga na ƙuruciya da masu naƙasa, su kam bai kamata a cire su ba sai an tabbatar sun shiga wani tsarin. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, kuma shekarun da yaro ke tashi daga hannun likitan yara zuwa ɓangaren manya shekaru ne masu hatsari a gare shi, domin a lokacin ne yake fara nisa da idon uwarsa, yake fara mantawa da magani, yake fara jin kunyar a san yana da ciwo. Cire masa kati a daidai wannan gaɓa zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta tanadi asusun masu rauni. Ina ganin matashi mai sikila da ba shi da aikin yi ya cancanci a lissafa shi cikin masu rauni ba tare da sai ya san wani babba ba.

Abu na biyu da nake roƙo shi ne katin ya riƙa bin mai shi duk inda ya tafi. Yanzu kowane yaro da zai rubuta JAMB sai da lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN, haka ma layin waya da asusun banki. Tun da haka ne, me zai hana rajistar lafiya ta rataya a kan wannan lamba, ta yadda idan yaro ya tashi daga katin uba zuwa na makaranta, daga na makaranta zuwa na hidimar ƙasa, sunansa zai riƙa ƙaura ne kawai ba tare da ya ɓace a tsakani ba? Ɗan Katsina da ya biya kuɗinsa a gida ya tafi Legas neman abinci ya kamata a karɓe shi a can idan ya yi haɗari, hukumomin jihohin biyu su daidaita lissafi a tsakaninsu daga baya. Idan ba a yi haka ba, babu hikimar da za a yi wa ɗan ci-rani ya biya kuɗin abin da ba zai amfane shi ba a inda yake kwana wata bakwai a shekara.

Ƙungiyoyin sana'a ma suna da rawar da za su taka, kuma a ganina su ne hanya mafi kusa. 'Yan adaidaita sahu da 'yan acaɓa da direbobi suna yankar tikiti kullum, teloli da makanikai da masu gyaran waya suna da shugabanni da taron wata-wata, kuma dukkansu sun saba da adashi. Mutumin da ba zai iya fitar da kuɗin shekara a dunƙule ba yana iya zuba kaɗan-kaɗan kullum, idan ya amince da wanda ke karɓa kuma ya ga an yi wa abokinsa magani da idonsa. Maigidan da ya ɗauki yaro koyon aiki shekara huɗu ko biyar, yana cin moriyar guminsa, ya dace a ce lafiyar yaron tana cikin abin da aka yi yarjejeniya a kai tun ranar da uba ya kai shi.

Ba zan tsallake maganar addini ba, domin ita ce ke hana mutane da yawa, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. Malamai sun yi magana a kan inshorar kasuwanci saboda abin da ke cikinta na garari, wato rashin tabbas a ciniki, da riba, wato kuɗin ruwa. Amma tsarin da jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon duk wanda ciwo ya kama a cikinsu wani abu ne dabam, shi ya sa ma ake kiransa taimakekeniya. Allah ya umarce mu a cikin Suratul Ma'ida da mu taimaki juna a kan aikin alheri da taƙawa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyyawa saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai. Ni ba malami ba ne, saboda haka ina roƙon malamanmu na Katsina da Daura su zauna da jami'an hukumar, su duba yadda ake tara kuɗin da inda ake ajiye shi, idan akwai gyara su faɗa a gyara, sannan su yi wa jama'a bayani a kan mumbari da harshen da kowa zai gane. Saurayin da ya ji daga bakin limaminsa ya fi saurin yarda fiye da wanda ya ji a sanarwar rediyo.

Ga 'yan'uwana iyaye ma'aikata kuwa, ina roƙon kowa ya ɗauko takardar rajistarsa yau ya duba ranakun haihuwar 'ya'yansa, ya je ofis ya tambayi abin da zai yi tun kafin ranar ta zo, musamman mai ɗa ko 'yar da ke shan magani kullum. Wanda zai aurar da 'yarsa ya sa maganar cikin abin da za a tattauna da dangin ango, kamar yadda a yanzu muka saba da gwajin jini kafin aure, abin da shekarun baya ake jin nauyin ambatonsa.

Ɗana yanzu yana aji biyu a wata babbar makaranta a wata jiha, yana cikin tsarin ɗalibai, ni kuma na yi masa wata rajistar dabam a nan gida domin lokacin hutu, ina biyan biyun. Allah ya hore mini, ina iya yi. Masinjan ofishinmu yana da 'ya mai irin wannan ciwo, za ta cika shekara 18 bayan Babbar Salla, kuma albashinsa ba zai ɗauki abin da nawa ya ɗauka ba. Shekaranjiya ya same ni bayan sallar azahar yana tambayata abin da zai yi, na ce ya ba ni takardunta mu je ofishin tare ranar Litinin.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani uba kuma ma'aikaci,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.